Farar Kwalbar da Na Cire Daga Akwatinki

Makera, Kaduna

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Lokacin da wannan takarda za ta zo hannunki, na san kun riga kun sauka Akwanga, ke da maigidanki Bitrus. Ina roƙon Allah ya sa kun isa lafiya, ya tsare shigarku da fitarku, ya ba ku maƙwabta masu kirki da ruwan sha mai kyau. Babanki yana gaishe ku. Ya ce in faɗa miki tun ba ki tafi ba gidan ya fara yi masa faɗi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda ke kika bar shi da ƙafarki. Idan kin buɗe jan akwatin nan kina neman farar kwalbar maganin olsa da kika naɗe a cikin atamfa, kada ki zargi ƙawayenki da suka taya ki shiri. Ni na cire ta, har da ƙullin kanwar da ke gefenta, na sa wannan takarda a wurinsu. Na san za ki ce Mama ta fara shisshiginta. Na yarda na yi shisshigi, amma ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Ranar biki kowa yana kallon farar rigarki, ni ina kallon farantinki. Loma kaɗan kika yi kika ture shinkafar, kina danna ƙasan ƙirjinki da yatsu, kina gyatsa a ɓoye cikin hankici. Da na raɗa miki, "Lafiya?" sai kika ce, "Ba komai, Mama, olsarmu ce ta gado." Kika yi dariya kika koma wajen hoto. Ni kuwa maganar nan ta tsaya mini a rai har aka watse. Ba gado ba ce, Rahila, ko kuma in ce ba irin gadon da kike nufi ba ne. Laifina ne da ban zaunar da ke na yi miki bayani ba tun lokacin da aka yi mini magani. Kina kwalejin horon malamai a lokacin, na ce kada in ɗaga miki hankali, na faɗa miki olsa ce kuma ta warke. To yau ga cikakken bayanin.

Kin san a masaƙar Kakuri Madam Tambaya ake kirana. Ina teburin duba yadi, amma babu sashen da ban leƙa ba. Na tambayi injiniya yadda inji yake gane zare ya tsinke har ya tsaya da kansa. Na tambayi masu rini abin da ke hana shuɗi zuba a kan fari. Har mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya taɓa korata, ya ce in zan sayi batir in saya, shi ba makaranta ya buɗe ba. Duk wannan bin diddigin nawa, abu ɗaya ne ban taɓa tambaya a kansa ba, shi ne cikin da nake ɗauke da shi kullum. Har yau in na tuna sai abin ya ba ni mamaki.

Ciwon ya fara mini tun kina goye. Zafi a ƙasan ƙirji, wani lokaci da yunwa, wani lokaci bayan na ci. Kusa da ni a teburin akwai Maman Terna, mutuniyar Binuwai, aminiyata, wadda kika sani da dariyar nan tata mai cika ɗaki. Ta gan ni na dafe ciki, ta ce, "Saratu, wannan olsa ne. Kowa a nan yana da shi. Jiƙa kanwa ki sha, zai kwanta." Na jiƙa na sha, na yi wata doguwar gyatsa, zafin ya kwanta. Shi ke nan, ciwo ya samu suna, magani ya samu. A masaƙar nan duk abin da ya taɓa mutum tsakanin wuya da cibiya olsa ne. Mai yunwa olsa, mai tsutsar ciki olsa, wanda matarsa ta ɓata masa rai shi ma olsa. Ba wanda aka leƙa cikinsa, amma kowa ya san sunan ciwonsa da na maƙwabcinsa.

Wannan ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Na karɓi sunan ciwo daga bakin wadda take ƙaunata, ban karɓa daga gwaji ba. Maman Terna ba ta yi mini ƙarya ba, abin da ta sani ta ba ni. Ke ma za ki sami masu ƙaunarki a can, matan zumuntar coci da matan unguwa, kowace da jiƙonta. Ki gode musu da fara'a, ki karɓi gaisuwarsu, amma kada ki karɓi sunan ciwo a hannunsu. Ko ni da na haife ki ban san abin da ke cikinki ba, zato kawai nake yi.

Daga kanwa na ƙara da madara. A lokacin masaƙa tana raba wa ma'aikata madarar gwangwani, wai saboda ƙurar auduga. Babanki, da shi ma a can yake aiki, yakan kawo tasa gida, in haɗa da tawa, in riƙa kurɓa duk sanda ciki ya motsa. Da aka daina rabon madarar sai na koma wajen mai kemis na bakin layinmu, ya haɗa ni da farar kwalbar nan. Kai, na so kwalbar nan! Tana jakata a coci, tana jakata a kasuwa, ko gaisuwar mutuwa zan je sai na girgiza ta na ji akwai saura. Daga baya ya ƙara mini da wasu ƙwayoyi da ya ce suna kashe asid gaba ɗaya. In zazzaɓi ya kama ni kuma, ya ce taifod ne, ya ƙirgo mini kafso ja da rawaya, in sha kwana biyu in ajiye. Duk sanda na sha ina samun sauƙi, wannan gaskiya ne, kuma sauƙin nan shi ya riƙe ni shekara da shekaru. Da maganin bai yi komai ba, da tuni na nemi asibiti.

Saboda haka ki riƙe wannan: jin sauƙi dabam, warkewa dabam. Duk maganin da sai kin riƙa komawa gare shi mako bayan mako, lallashin ciwon yake yi. In kin ga kin fara sanin farashin kwalba fiye da farashin mudun shinkafa, lokacin zuwa asibiti ya riga ya yi.

Sai na shiga yanke abinci. Aka ce barkono ne, na bari. Aka ce tsami ne, na bar kunun tsamiya da yakuwa da lemo. Wake ya tafi, ƙosai ya bi shi. Nama kuwa da kaina na bar shi, don in na ci tsoka ɗaya sai ta zauna mini a ciki kamar ba za ta taɓa sauka ba. Kin tuna lokacin da nake dafa muku miya ja, ni in zauna da farin faten acca ba mai ba yaji? Ke da Babanki kuna yi mini tsiya, wai na zama waliyyiya. A nan ne ciwon ya canja salo, ni ban lura ba. Zafin ya ragu, amma kumburi ya ƙaru. Loma kaɗan in ji na cika, gyatsa ba iyaka, tafin hannuna ya yi fari, jiri yana ɗibata a kan teburin aiki, yatsun ƙafata suna yi mini kamar ana tsira allura. Na ce tsufa ne. Wata a zumunta ta ce tunani ne, wata ta ja ni gefe ta ce in bincika dangin miji. Matar fasto ce kaɗai ta ce, "Maman Rahila, za mu yi addu'a, amma gobe ki je a duba jininki." Na ce to, na sha addu'ar, ban je ba.

Abin da ya kai ni asibiti shi ne Maman Terna. A shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a masaƙa yana ta lissafin alheri, wai za a gyara wuta, za a kawo sababbin injuna. Ita ma tana cikin masu murnar, tana cewa bana za ta yi wa ɗakinta silin. Da damina ta zauna, wata ranar aiki ta tashi za ta je bayi, ta yi aman jini a bakin ƙofa. Aka sa ta a motar masaƙa aka haye gada da ita zuwa babban asibiti. Ba ta dawo ba. Likitoci suka ce gyambon ya daɗe yana zubar da jini a hankali, kuma da ta lura da bayan gidanta ya koma baƙi ta zo da wuri, da wataƙila wani zancen ake yi. Da muka je kwashe kayanta a ɗakin canja kaya, ga ƙullin kanwa, ga farar kwalba irin tawa sak. Na yi kuka, Rahila, kukan rashinta da kukan tsoro. Ban san ko abin da ke cikina shi ne ke cikinta ba, ba wanda ya gwada ta tana da rai. Wannan rashin sanin ya fi komai ci mini rai.

Ki ji wannan da kyau, don ba na wasa a nan. In kin taɓa ganin jini a amai, ko amai mai kama da garin kofi, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko abinci yana tsaya miki a hanya, ko kina ramewa ba dalili, kada ki jira gari ya waye miki da shawara. Ki kama hannun Bitrus ku tafi asibiti a lokacin. Ki karanta masa wannan wurin ma, don ya sani.

To na je asibiti, amma ji irin zuwan da na yi. Na yi wanka, na shafa hoda, na sa kwalli, na ɗaura zanen Lahadi da ɗankwalinsa, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na shiga wajen likita, wani dattijo mai gilashi, ya ce, "Madam, yaya jiki?" Me kike tsammani na ce? "Da sauƙi, Likita, mun gode Allah." Ai haka aka koya mana. Babba ya gaishe ka da jiki, ka ce da sauƙi ko da ana riƙe da kai. Ya ce, "Kina shan wani magani?" Na ce a'a. A raina kanwa kayan miya ce, farar kwalba kuwa ta zama kamar shayi, kafson kemis kuma kunya ta hana ni faɗa. Ya dube ni fes da ni, ya sa aka duba bayan gidana don tsutsa, ba a ga komai ba. Ya rubuta mini magani. Na kai takardar aka miƙo mini, sai ga farar kwalbata. Na dawo gida ina cika baki, na ce wa Babanki, "Ka gani? Likita ma abin da nake sha ya ba ni." Ya ce, "To me kika faɗa masa?"

Ladabin nan namu yana da kyau a ƙofar coci da gidan surukai. Ki yi wa uwar mijinki shi, za ta ji daɗi. Amma a ɗakin likita ki ajiye shi a bakin ƙofa tare da kunya. In babu sauƙi ki ce babu. Ki faɗi yaushe yake tashi, da yunwa ko da ƙoshi, ki faɗi launin abin da kike fitarwa ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Duk abin da kika taɓa haɗiyewa da sunan magani, na kemis ne, na jiƙo ne, na kicin ne, ki zuba a jaka ki kai masa ya gani da idonsa.

Jiri ne ya mai da ni. Na faɗi a layin famfo, aka ce jinina ya yi ƙasa sosai, aka tura ni babban asibiti a hayin gada. A can na haɗu da wata likita, yarinya ce ba ta fi ki da yawa ba, ba ta da fara'a amma tana da kunne. A wannan karon Babanki ya raka ni, kuma kafin in buɗe baki ya juye jakata a kan teburinta. Ta ɗauki kanwar ta juya, ta ce, "Mama, tun yaushe?" Na ce tun ina goyon 'yata, ga shi har ta shiga kwaleji. Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce tana so a zura mini wata siririyar roba mai fitila a baki, ta maƙogwaro har tumbi, a ga abin da ke wurin, a tsinko ɗan ƙanƙanin nama a gwada. Amma kafin ranar sai na bar ƙwayoyin kashe asid da kafson nan na wasu makonni, domin suna sa abin da ake nema ya lafe, gwaji ya fito kamar babu shi alhali yana nan.

Na ce to. Ana saura kwanaki kaɗan ciki ya dame ni, na ce ai ƙwaya ɗaya-biyu ba za su ɓata komai ba, na sha. Ranar gwaji muka tashi ba ci ba sha, muka hau bas muka haye gada. Nas tana shirya ni ta ce, "Mama, ba ki sha komai ba ko?" Wannan karon dai Allah ya taimake ni na faɗi gaskiya. Ta ce, "To sai ki ɗaura ɗankwalinki, a sake miki rana." Ni da Babanki muka juyo har muka iso Kakuri. A nan ya sayi masara gasasshiya ya ci shi kaɗai, ya ce shi ba a sa masa azumi ba. In sun ce ki dakatar da magani kafin gwaji, ki tambaye su tsawon lokacin, ki kuma cika shi. In ciwon ya fi ƙarfinki a tsakani, ki koma ki tambaye su abin da za ki iya sha, kada ki yanke wa kanki.

Ba zan ɓoye miki ba, robar nan ba daɗi. Sun fesa mini wani abu a maƙogwaro ya mutu, na kwanta a gefe, hawaye yana zuba ba don kuka ba. Amma ba ta daɗe ba, kuma naƙudarki ta fi ta nesa ba kusa ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne likitar tana leƙa cikina ta wani ɗan madubi, ni mai cikin ba na gani, ga baki a toshe ba halin tambaya.

Na rama ranar karɓar sakamako. Ta ce an sami wata ƙwayar cuta a bangon tumbina. Na sa ta rubuta mini sunan a bayan katina, H. pylori, ki kwafe shi. Ta ce tumbi yana fitar da wani ruwa mai tsananin tsami, shi ne asid ɗin da muke ta zagi, kuma aikinsa ne ya narkar da nama, ya kashe ƙazantar da ta biyo abinci, ya taimaki jiki ya tsotsi abin da ke gina jini. Na ce, "To in yana kashe ƙwayoyin cuta, ita wannan me ya hana ta mutuwa?" A nan ta fara murmushi. Ta ce wannan tana da wayo, tana kutsawa cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi, tana kuma fitar da wani abu da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita. Na ce, "Wato ita ma kanwarta take jiƙawa." Likitar ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce kusan haka ne.

Sai ta faɗi abin da ya sa na riƙe baki. A wajen wasu, ƙwayar tana sa gyambo. A wajena kuwa ta daɗe tana cin bangon har ya siraɗe kamar tsohon zane da ya sha wanki, wuraren da ke fitar da asid suka ragu. Wato a shekarun baya-bayan nan asid ɗina ba yawa ya yi ba, kaɗan ya rage. Shi ya sa nama yake zauna mini, shi ya sa kumburi, shi ya sa jini ya ƙi taruwa. Ni kuwa kullum ina bin ɗan ragowar da kanwa da farar kwalba, ina yayyafa ruwa a murhun da wutarsa ta kusa mutuwa. Na ce, "Likita, to yaya mutum zai gane nasa yawa ne ko kaɗan?" Ta ce daga jin jiki kawai ba a ganewa, don kukan cikin kusan iri ɗaya ne, kumburi da gyatsa da zafi. Shi ya sa ake gwaji.

Maganin haɗi ne na ƙwayoyi kala-kala, safe da yamma, na 'yan makonni. Abin dariya, a ciki har da mai rage asid. Na ce, "Ba ke kika ce ya yi kaɗan ba?" Ta ce na ɗan lokaci ne, don sauran magungunan su sami damar aiki, ba na zama da shi har abada ba. Bakina ya yi ɗaci kamar na tsotsi ƙusa, cikina ya ɓaci. Da na ji dama-dama a tsakiya na so in ajiye, irin yadda na saba da kafson kemis. Babanki ya ɗauke ledar ya sa a aljihunsa, shi yake ba ni da hannunsa har suka ƙare. Likitar ta riga ta gargaɗe shi cewa in an yanke a tsakiya, ƙwayoyin da suka rage sukan taso da taurin kai, su daina jin maganin. Aka bi ni da allurai da ƙwayoyin ƙarin jini, daga baya aka sake dubawa aka ce ta tafi. Bangon dai bai koma sabo ba, kuma har yanzu ina zuwa a duba ni. Amma kin gan ni a bikinki da cinyar kaza a hannu.

Yanzu ga wurin da ya shafe ki. Na tambaye ta daga ina na samo wannan baƙuwa. Ta ce yawanci tun ana yara ake ɗauka, a cikin gida, ta ruwan da ba shi da tsabta, ta hannun da ba a wanke ba, ta yawu daga baki zuwa baki. Ta ce mutane da yawa suna ɗauke da ita har su tsufa ba ta taɓa damunsu ba. Babanki ma an gwada jininsa an ga alamarta, mutumin da yake cin barkono kamar gyaɗa bai taɓa cewa wash ba. Na tambayi dalili, ta ce su ma ba su gama sani ba. Na ji daɗin wannan amsar, don na ga ashe likita ma tana da tambayoyinta.

Da ta ce daga baki zuwa baki, sai na ga uwata a idona, a ƙauye, tana tauna gyaɗa da nama tana ɗura wa ƙanena a baki da yatsa. Haka ta yi mini, haka aka yi mata. Ni ma haka na yi miki, Rahila. Ba ki da haƙori kina kallon bakina in ina ci, sai in tauna tsokar kifi ko dankali har ya yi laushi in sa miki. In kunu ya yi zafi in kurɓa in juya shi a bakina in ba ki. Kina karɓa kina buga ƙafa don daɗi. Na ce, "Likita, ke nan ni na ba 'yata?" Ta ce, "Mama, ba ki ma san ko tana da ita ba. In ma tana da ita, ba wanda zai iya rantsuwa ta inda ta shiga." Ta yi mini adalci. Amma tun ranar, duk sanda kika dawo hutu ina kallon yadda kike cin abinci, ina cewa gobe zan yi maganar, har goben ta kai mu ranar biki.

Ba na jin kunyar taunar nan. Abin da na sani ke nan na ƙauna, kuma da shi kika yi ƙiba har ana tsayawa a hanya ana ɗaukarki. Amma yanzu na san abin da uwata ba ta sani ba, ke kuma kin sani tun ba ki haihu ba. Ban ce ki daina cin tuwo a kwano ɗaya da mutane ba, kada ki je gidan miji ki zama mai ƙyama. A wanke hannu da sabulu kafin a sa, a tafasa ruwan sha in ba a yarda da rijiyar ba, shi ke nan.

Abin da nake roƙonki guda ɗaya ne. Kafin ki saba da wani mai kemis a Akwanga, ki je asibiti ki ce a gwada ki. Likitata ta ce yanzu wasu manyan asibitoci sun fara neman ƙwayar a bayan gida, ba lallai sai an zura roba ba, ki tambaya ko ya iso wajenku, in babu su tura ki inda yake. In sun ce gwajin jini, ki sani shi sawu kawai yake nunawa, kamar sawun akuya a ƙofar gida, ya nuna ta zo amma bai nuna ko tana ciki har yanzu ba. In kina zaton kin sami ciki, ki faɗa musu kafin su rubuta komai. Mai yiwuwa a duba a ce ba ita ba ce, wani abu ne dabam. To sai mu san sunansa na gaskiya, mu daina kiransa gado.

Ki sa hannu can ƙasan akwatin, ƙarƙashin zanen gado. Za ki ji ɗan ƙaramin turmin dakan yaji da taɓaryarsa, da ƙaramin cokali. Ba na miya ba ne, kada ki sa musu barkono. Na jikana ne, duk sanda Allah ya kawo shi. Ki daka masa kifinsa da dankalinsa a ciki, ki bar kununsa ya huce a kofi. In na zo wankan jego kika ga bakina ya fara motsi ina kallonsa, ki miƙo mini turmin ba tare da kin ji nauyina ba.

Kwalbarki tana kan tagar ɗakina inda nake ganinta kowace safiya. Ba zan zubar ba sai takardarki ta zo da abin da gwaji ya nuna. Ranar da ta zo, ko me aka rubuta a ciki, ni da Babanki za mu juye ta a kwata tare. Kuma in kin sami likita mai haƙuri, ki tambayar mini abin da ya sa ƙwayar nan ta bar Babanki da barkononsa ta kama ni, ko a can sun sani.

Ubangiji ya tsare ki daga ciwon da ake gani da wanda yake ɓoye. Ya sa ki ci abincin gidanki da daɗi, ki ƙoshi, ki yi barci. Ya ba Bitrus haƙurin zama da 'yar Madam Tambaya. Ya kiyaye ku a hanya duk sanda za ku zo mana, ya kuma haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu